Albashina Ya Ƙaru, Na Ɓoye Wa Masu Bina Bashi

'Yan uwana mata, manya da ƙanana, musamman ku 'yan mata da ke makaranta kuna ɗokin ranar da za ku fara riƙe kuɗin kanku. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki biro in rubuto wannan labari, domin abin kunya ne a gare ni, kuma Kaura Namoda ba garin da mutum zai ɓace a cikinsa ba ne. Duk wadda ta san ni za ta gane ni tun kafin ta kai ƙarshen shafi. To amma Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, saboda haka na cire kunya.

Ni haifaffiyar Kaura ce, gidanmu ba shi da nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929. Mahaifina Allah ya yi masa rasuwa ina aji uku a sakandare, ya bar Inna da mu huɗu, ni ce babba. Da kyar da jiɓin goshi na yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan garinmu, wadda kowa ke kira Foli. Kuma abin dariya, fannin kasuwanci na karanta. Da na gama a 2019 aiki bai samu ba, sai wani Alhaji abokin marigayi Baba, mai sarin kaya daga Kantin Kwari a Kano, ya ce zai riƙa ba ni atamfofi da leshi da shadda in sayar in kawo masa kuɗi, riba tawa.

Shinkafi na maida wurin cinikina, saboda akwai Gwaggona a can. Duk wadda ta san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta san abin da nake nufi: shanu, raƙuma, hatsi, albasa, mutane daga ƙauyuka har da na Nijar. Ni ba cikin kasuwar nake zama ba. Laraba da yamma nake bin motar Moriki in sauka gidan Gwaggo, ranar Alhamis in magidanta sun sayar da dabbobi kuɗi sun shiga gidaje, sai in bi matan aure ɗaki ɗaki, wannan ta biya na baya, waccan ta ɗauki sabo. Kusan duk cinikin bashi ne. Iyayen amare su ɗauki turmi goma su ce sai kaka, kuma wallahi suna biya. Cikin shekara biyu na sayi keken ɗinki, na sayi 'yan kunnen gwal, na mayar da ƙannena biyu makaranta. Mata suka yarda da ni har suka naɗa ni uwar adashi.

A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Kuɗin adashi na zaune a hannuna kafin ranar kwasa, sai na fara cewa bari in juya su, ai kafin lokacin sun dawo. Sau uku ina yi ina tsira.

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako mako saboda matsalar 'yan bindiga, aka hana safarar shanu, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Ke 'yar uwa, ki ƙaddara kina bin mata sama da talatin kuɗi, mazansu ba su da inda za su sayar da ko akuya, ba ki iya kiran kowa, hanyar ma ba ta biyuwa. Da abubuwa suka ɗan lafa na koma, sai na tarar wasu sun yi gudun hijira ba a san inda suka nufa ba, wasu an kashe mazan, wata kuwa an sayar da duk abin da ke ɗakinta an biya kuɗin fansar ɗanta. Wa zan riƙe? Da wane baki?

Amma ni masu bina suna nan, kuma sun san ƙofar gidanmu. Alhaji ya yi haƙuri wata uku sannan ya kai ni kotun shari'a, matan adashi suka bi bayansa. Ranar da ɗan sandan kotu ya kawo sammaci, Inna tana tankaɗe, sai kawai ta ajiye rariyar ta shiga ɗaki. Ban taɓa jin kukanta irin na ranar ba, ko rasuwar Baba.

Ni duk zatona gidan yari za a kai ni. Har na ba ƙanwata mabuɗin akwatina. Ashe ba haka abin yake ba. Alƙali ya sa aka lissafa duk abin da ake bina, bayan Alhaji ya ɗauke turamen da ya gane nasa ne tun da ko ledarsu ba a cire ba. Aka samu naira miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin: dubu 700 na Alhaji, dubu 360 na matan adashi, dubu 90 na wani mai turare. Aka lissafa abin da na mallaka, bai kai rabi ba. Alƙali ya ce wannan shi ake kira taflisi a littattafan fiƙihu, wato bashi ya cinye dukiyar mutum har ya ɗara. Hukuncinsa shi ne a hana mutum taɓa dukiyarsa, a sayar da ita, a raba wa masu binsa gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa suturarsa da abin da zai ci shi da iyalinsa. Wanda ake tsarewa shi ne wanda ake zaton yana da shi ya ɓoye.

Aka sayar da keken, da 'yan kunnen, da sauran kayan, da wata tunkiya da nake kiwo. Aka samu dubu 460. Kowa ya karɓi naira arba'in a cikin kowace ɗari da yake bina. Saura dubu 690.

Lokacin na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kaura, albashi dubu goma sha biyar, shi ma sai an ga dama. Alƙali ya tambaye ni nawa zan iya, na ce dubu biyar duk wata, masu bina suka amince ba da son ransu ba. Magatakarda ya rubuta, muka sa hannu. Kafin mu tashi alƙali ya dube ni ya ce, "Yarinya, wannan dubu biyar an yanka ta ne a kan samunki na yau. Duk ranar da samunki ya canza, ya ƙaru ko ya ragu, ki zo ki faɗa wa kotu." Na ce to, ranka ya daɗe. A raina na ce ina wani samu zai ƙaru? Da na koma gida na buga lissafi, na ga sai na yi shekara goma sha ɗaya da rabi kafin in gama.

Haka na yi ta biya tun daga Fabrairun 2022. A cikin wannan hali ne Allah ya haɗa ni da wani malamin makaranta, wanda zan kira shi Malam kawai. Ya san an kai ni kotu, garin duka ya sani, amma bai fasa zuwa zance ba, duk da mahaifiyarsa tana cewa ba ta ga abin so a jikin yarinyar da ta ci kuɗin adashin mutane ba. Ya kawo kuɗin gaisuwa, aka sa rana hutun ƙarshen shekarar 2023. Ni kuwa ko cokali ban da shi, kuma kun san halinmu mata, amarya ba kayan ɗaki abin gori ne har jikoki.

Ana nan sai wata ƙawata ta Foli ta ce wata ƙungiyar agaji mai kula da yara masu tamowa tana neman wadda za ta riƙe rajista a Zurmi. Na rubuta, aka kira ni, aka ɗauke ni a Yulin 2023, aikin kwantiragi. Ƙarshen wata ina zaune sai ga alat: naira dubu ɗari da ashirin. Na ƙirga sifirin sau uku. Ninki takwas na abin da nake ɗauka a da.

Maganar alƙali ta faɗo mini a daren, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma zuciya ba ta rasa hujja. Ta ce ai tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu kuɗin mota ya ninka. Ta ce ai hanyar Dauran zuwa Zurmi da ranki kike binta, kuɗin kasada ne, ba na kowa ba. Ta ce ai kwantiragi ne, gobe ana iya cewa ya ƙare. Ta ce ai ba ki fasa biyan dubu biyar ɗin ba, wa kika cuta? Wata ƙanwar Inna ta ƙara mini ƙarfi, ta ce, "Ke dai rufa wa kanki asiri ki yi kayan ɗakinki. Alhajin nan dubu nawa gare shi? In kin shiga ɗakinki kya ji da su."

Sai na shiga ɓoyo. A Kaura na ce aikin sa kai nake yi, ɗan kuɗin mota kawai ake ba mu. Ko Malam haka na faɗa masa. Na buɗe wani asusu daban, in zan cire kuɗi sai in je wurin mai POS da bai san ni ba. In zan dawo gida ranar Juma'a sai in sa tsohon hijabina. Duk wata ina ware dubu hamsin, har na je na taya gado da sif a wurin wani kafinta. Amma fa barci ya ƙaurace mini. In na ga baƙuwar lamba sai cikina ya ɗuri ruwa. Wata huɗu na yi a haka, na tara dubu ɗari biyu, na kuma rame kamar mai jinya.

A cikin matan adashin nan akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a Shinkafi, muna ce mata Iya. Hannu biyu take zubi, tana tara wa autarta kuɗin aure, dubu sittin take bina. Ranar wata Talata a watan Oktoba ina zaune kan teburina, ga kati rataye a wuyana, ga babbar waya sabuwa a gefe, ina rubuta sunayen yara da nauyinsu, sai aka miƙo mini wani yaro da bai fi a sa shi cikin ƙwarya ba, gashin kansa ya yi ja, ƙafafun sun kumbura. Na ɗaga kai in tambayi sunan uwar, sai muka yi ido huɗu da Iya. Ashe autar tata a wani ƙauyen Zurmi aka aurar da ita, an tashe su, mijin ya tafi neman kuɗi kudu, Iya ce ta zo ta ɗauko jikan.

Ta dubi katin, ta dubi wayar, ta dube ni. Na jira ta tara mini jama'a, kuma da ta yi da ta yi daidai. Sai ta ce, "Ɗiyata, ashe nan kika aiki? Madalla. Allah shi ƙara buɗi." Shi ke nan. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan kuɗinta ba. Da za a ba su gado na ji tana tambayar wata mata ko akwai inda za ta samu kunu na naira hamsin, tun jiya ba ta ci komai ba.

Da dare na ɗauki biro, ni mai diflomar kasuwanci, na raba dubu biyar ɗin nan yadda kotu ke raba ta. Rabon Iya a wata naira ɗari biyu da sittin ne. Ko kwanon gero ɗaya ba za ta saya ba. Ni kuwa ina taya gado.

Ranar Asabar na tafi wurin wani Kawuna, tsohon magatakardan kotu ne tun zamanin kotunan yanki, kafin a mayar da su kotunan shari'a a shekarar 2000. Na zayyana masa komai ina kuka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce abu biyu na cakuɗa. Na farko, canza aiki ba laifi ba ne. Babu wanda ya hana wanda bashi ya karya neman abin da ya fi, hasali ma a Muhtasar, littafin da alƙalanmu na Malikiyya ke dogara da shi, ba a tilasta wa muflisi ya je ya yi ƙwadago don ya biya. Amma na biyu, in dukiya sabuwa ta shigo hannunsa, masu binsa na da damar komawa wurin alƙali a sake hukunci a kanta, domin sauran bashin bai faɗi ba, jinkiri kawai aka yi masa. Ya ce Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, to ke sauƙin ya zo, kin ci gaba da cin jinkirin da aka yi wa mai ƙunci. Kuma kin sa hannu a takarda. Ya ce da Alhaji ne ya fara gano wannan aiki ya kai maganar, da alƙali ya ɗauke ni mai ɓoye dukiya, kuma irin wannan ne ake tsarewa.

Daga baya na bincika na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. A Ingila wanda kotu ta ayyana ya karye, in samunsa ya ƙaru dole ya sanar da jami'in da ke kula da dukiyarsa cikin kwana 21, kuma ana iya yankar wani abu daga albashinsa har tsawon shekara uku. Mu ma a Nijeriya akwai dokar karayar arziki ta tarayya tun 1979, wadda Babbar Kotun Tarayya ke aiki da ita, sai dai irinmu ƙananan 'yan kasuwa ba mu cika zuwa can ba. Tsarin mulkin 1999 ma ya hana wanda aka ayyana ya karye, bai kuma fita daga hukuncin ba, tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa.

Kawu ya ce kada in je hannu rabbana. Ya sa na ɗauki takardar ɗaukar aiki, wadda ta nuna kwantiragi ne da ranar ƙarewarsa, da takardar albashi, da bayanin asusun banki na wata huɗun nan, har da asusun da na ɓoye. Ya sa na rubuta abin da nake kashewa tsakani da Allah: hayar ɗaki a Zurmi, kuɗin mota, abinci, cefanen Inna, kuɗin makarantar ƙannena. Ya ce alƙali ba albashi kawai yake dubawa ba, yana duba abin da ya rage bayan buƙata, amma buƙata ban da kwalliya. Ya ce in roƙi a rubuta cewa in kwantiragin ya tsaya za a sake dubawa. Wannan shawara ta ƙarshe ita ta cece ni daga baya.

Kafin in je kotu sai da na faɗa wa Malam. Muna zaure, ƙanwata na gefe. Na ce masa kuɗin kayan ɗaki da na ce gudummawar dangi ce, ba ita ba ce. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Bashin bai taɓa damuna ba. Amma wata huɗu kina kallon idona kina ce mini aikin sa kai?" Ya sa takalminsa ya tafi. Sati biyu ko saƙo.

Ranar Litinin ta farkon Nuwamba na kai takarduna wurin magatakarda, aka sa rana, aka kira masu bina. Alhaji ya yi faɗa sosai, ya ce 'yar amininsa ce ta mai da shi wawa, ya ce a karɓe albashin duka. Ban ga laifinsa ba. Alƙali ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba, sannan ya ce tun da da ƙafata na zo, ba zai ɗauke ni maƙaryaciyar da aka kama ba. Ya duba lissafina, ya soke kuɗin kati da na anko da na cusa, ya bar sauran. Dubu ɗari biyun nan aka karɓa a take aka raba, aka mayar da biyan wata dubu arba'in. Bashin da ya rage ya sauko zuwa dubu 385. Na roƙi a fara sallamar Iya, alƙali ya ce ba shi da ikon fifita wani a kan wani sai in sauran sun yarda. Matan adashi suka yarda, mai turare ya yarda. Alhaji ya ɗan jima yana kallon ƙasa, sannan ya ce a ba ta.

Ban san yadda zan kwatanta muku barcin da na yi a daren ba.

Malam ya dawo ranar da ya cika kwana goma sha biyar, ya ce Kawu ya je ya same shi. Ya ce ya yafe, amma daga yau ko naira biyar ce ta shigo ko ta fita, a faɗa. Biki dai an ɗaga shi, mahaifiyarsa ta samu abin faɗa, ƙawayena wasu suka ce na cika wauta, wa ya aike ni. A tsakiyar 2024 kwantiragin ya tsaya wata uku, washegari na koma kotu da takardar, ba gardama aka mayar da ni dubu biyar har aka sake kiranmu aiki. Wannan karon ko Alhaji bai ce a kawo shaida ba.

An ɗaura aurenmu bayan ƙaramar Sallah ta 2024. Katifa ɗaya aka kai ni da ita, da ledar tsakar ɗaki, da tsofaffin kwanonin Inna na aurenta da ta wanke da toka suka yi ƙyalli. 'Yan ganin ɗaki sun yi gulmarsu, na ji wasu da kunnena. Iya ba ta samu zuwa ba saboda hanya, amma ta aiko da ƙullin wake da kwalbar man gyaɗa, ta ce a faɗa mini jikan ya fara tafiya.

Na kai biyan ƙarshe a farkon 2025. Magatakarda ya ba ni takardar shaidar na gama, na roƙe shi ya buga mata hatimi sau biyu, ya yi dariya ya buga. Tana cikin akwatina tare da rasit ɗin kowane wata, ko ɗaya ban yar ba. Kwanan baya na je gaida Alhaji, ya amsa da fara'a, har ya tambayi Malam. Da na ɗan taɓo maganar ko zai sake ba ni kaya, sai ya ce in sha ruwa tukuna, ya shiga ba ni labarin tsadar shadda a Kwari har aka kira la'asar.